An Ce wa Umma Ta Rage Tunani

Zuwa ga Hajiya, shugabar ƙaramin asibitin unguwarmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da ma'aikatanki. Ba ki san ni ba, ranki ya daɗe. Sunana Nasiru, ina lodin kaya a tashar motocin Karshi. Umma, mahaifiyata, ita ce mai wainar bakin titi kafin a shiga layinku, wataƙila an taɓa sayo miki. Yau wata biyu ba ta ɗora tanda ba. Ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Na so in zo ofishinki in faɗa da baki, to na san bakina, ba za mu rabu lafiya ba. Shi ya sa na rubuta.

Na farko. Bara, da aka shafa wa gidajen layinmu jan fenti na rusau, Umma ta daina barci, kanta ya dinga sarawa. Na kawo ta wurinku. Ma'aikaciyarku ta ɗaura mata abin awo a hannu, ta ce hawan jini ne, ta rage tunani ta rage gishiri. Ta miƙo ƙwayoyi a 'yar leda, ta kira na gaba. Ko zama Umma ba ta gama gyarawa ba.

Na biyu. Umma ta yi biyayya, kullum tana shan maganin. Da rusau ya tsaya bai iso mu ba, hankalinta ya kwanta, ciwon kai ya tafi. A ganinta tunani ya kawo cutar, tunda ya tafi ai cutar ta bi shi. Sai ta ce za ta adana sauran ƙwayoyin a gwangwanin allura da zare, saboda wata rana. Haka kowane gida a layin nan yake yi da maganin zazzaɓi, in ka warke ka ajiye wa na gaba. Ta tambaye ni, tunda ni ne mai karatun gidan. Makarantar kirki ban yi ba, a jaridun naɗe tsire na koya, amma ledar nan na karanta ta gaba da baya. Ɗaya da safe, iyakar abin da ke jiki ke nan. Na ce ta ajiye. Ni na ce. Wannan ban ɗora wa kowa ba.

Amma Hajiya, cewa wannan magani ba a daina shi ko an ji sauƙi, minti nawa zai ci? Sai a babban asibiti na fara jin haka, bayan ta faɗi a gaban tanda da ludayi a hannu. Takardun da kuka manna a bango duk Turanci ne. Matan da ke layi a wurinku, Hausawa da Gwarawa da 'yan gudun hijira, zanen zuciyar da ke jikin takardun kawai suke kallo.

Na uku, shi ne dalilin wasiƙar. An sallamo mu, an ce mu ci gaba da zuwa wurinku. Likita ya ce in abin ya sake bugun ta, ba lallai ta tashi ba. To Umma ba ta shan maganin. Maƙwabta sun ce mata iska ce ta shafe ta, ta koma hayaƙi da shafe-shafe. In na ba ta ƙwaya sai ta riƙe a kunci, ina fita ta tofar. Ban ga laifinta ba, wanda ya ce ta ajiye shi ne yau yake cewa ta sha. Ta juya fuska bango, ba ta so a shigo duba ta a ga bakinta ya karkace. Ni kuwa ina zuwa tasha, in ɗauki buhu in sauke buhu, a yi min magana sai an maimaita. Ko kuka bai zo min ba. Abinci ma sai na ga kwano wayam nake sanin na ci.

Ba diyya nake nema ba, ba kuma so nake a kori kowa ba. Ki sa a riƙa rubutawa a ledar maganin da Hausa cewa ba a dainawa, a kuma faɗa da baki, don yawancin matan ba sa karatu. In an ce wa mace ta rage tunani, a tsaya a tambaye ta abin da ke cin ta.

Ranar Talata zan kawo Umma, ko a goye ne. Ina roƙon ki da girman Allah, ki fito da kanki da farar rigarki, ki zauna kusa da ita ta ɓangaren hagu, ki faɗa mata a hankali cewa ba iska ba ce, kuma maganin na kullum ne. Ba ta jin tawa yanzu. Taki za ta ji.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya taya ki riƙo, ya tsare miki iyayenki.

Wassalam.

Nasiru, ɗan mai waina.