Hodar Shinkafar Rohani

Pendang, watan Sha'aban, 1976

Rohani! Rohani 'yar nan, kina jina?

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya idon naki? Mu nan lafiya lau, shinkafa ta fara fid da kai, babanki dai ƙafar ce.

Zaiton ta gidan Pak Daud, wadda kuke layi ɗaya a kamfani, ta zo gida ta faɗa min komai. Wai sau biyu kina faɗuwa kina ihu, kin leƙa madubin aikin, mai ƙara girman abu, kin ga tsoho yana kallonki. Wai duk wadda ta faɗi sau uku gida za a maido ta. Shi ne kika ɓoye min?

Ni tun ranar da kika kwatanta min abin nan da kuke haɗawa hankalina bai kwanta ba. Ɗan baƙin abu mai ƙafa arba'in kamar shanshani, kuna ɗinka masa zaren zinare da bai kai gashi kauri ba, wai kuma lissafi yake da kansa. Zaiton ta yi min dariya, ta ce, “Haba Mak Sepiah, ƙwaƙwalwar na'ura ce kawai! Araha gare ta, shi ya sa duniya ke rububi.” Na ce ke rufe min baki, uwar iyayi, abin da ke tunani ba rai, waye a cikinsa?

Ga hodar shinkafa nan na ba Zaiton ta kawo miki, ni na jiƙa na shanya, liman ya tofa. Ki shafa a fuska kullum kafin ki shiga.

Ki gaida 'yan ɗakinku. Mahaifiyarki,
Mak

Pendang, watan Azumi

Rohani, 'yata,

Ina gaisuwa, ya ƙishirwa? Shiru ba amsa.

Uwar Zaiton ce ta tare ni a masallaci. Wai kin shafa hodar, shugabar layinku ta hango ki tun daga ƙofa, ta ce, “Ke amarya, ina za ki da wannan fuska? Ƙwaya ɗaya ta faɗa ciki, abin ya mutu!” Ta tsaya a kanki sai da kika wanke tas. Kika zauna gaban madubin fuska ba tsari. Daga nan uwar Zaiton ta kama kame-kame, wai ita iyakar abin da ta ji ke nan.

To su abinsu suke karewa daga ƙura, ke wa zai kare ki? Ki bar musu aikin, Rohani. Mun ci shinkafa da busasshen kifi kafin a gina kamfanin nan, ba mu mutu ba. Ni dai ki dawo min yadda kika tafi, da hankalinki. Idan kina jin kunyar mutanen gari, ni zan

Tsaya, mota ta tsaya bakin hanya. Ana buga ƙofa. Muryarki ce wallahi! To amma Rohani, yaushe kika daina ce min Mak, kika fara kirana Sepiah gatsal haka? Ina zuwa