Kunnen Hagu na Takwararki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Gyadi-Gyadi lafiya lau muke, sai zafin bazara da kika sani, wanda ko fanka ba ta iya masa komai.

Labarin takwararki na kawo miki, Ummi, wadda kika bari tana rarrafe. Yanzu ta kai kafaɗata, kuma bakinta naki ne sak, ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Na san ranki zai ɓaci da farkon labarin, don haka ki yi haƙuri ki bari in kai ƙarshe. Na sa ta koyon iyo.

Ban manta dokarki ba. Tun kina yarinya a ƙauye kika yi wanka a rafi, kunnenki na hagu ya kama ciwo, aka yi ta ɗura masa mai da ruwan ganye har ya daina ji gaba ɗaya. Shi ya sa muka tashi ruwa bai wuce mana na bokiti ba. Da damina in yaran unguwa sun nufi kududdufi, kina tsaye a bakin zaure kina cewa, “Duk wanda ya dawo min da jiƙaƙƙen kai, shi da abincin dare sai gobe.”

Amma Inna, kududdufan nan ba su daina cin yara ba, kuma mafi yawa waɗanda ba su iya ruwa ba ne. Da makarantar su Ummi ta samo wurin iyo mai tsabta a Tarauni, ranar mata daban, mai koyarwa mace, sai na sa hannu. Ki ga yarinyar nan a cikin ruwa, wallahi kamar a can aka haife ta. Ban taɓa ganin ta da farin ciki irin wannan ba.

Sai ga shi ta fara sosa kunne. Da farko ƙaiƙayi ne, tana zura tsinken auduga, in ba ta samu ba ta ɗauki murfin biro. Daga nan ya koma zafi, ko ɗankwali ya taɓa wurin sai ta yi ƙara, tauna ma ta gagare ta. Ranar da na kira ta daga kicin ta juyo min da kunnen dama, ta karkata kai yadda kike yi, sai na bar girki na zo na duba kunnen. Na hagu ne, Inna, irin naki.

Gwaggo Asabe, ƙanwarki, tana jin labari ta iso da kwalbar man zaitun da tafarnuwa. Kin san ta, ba a yi ciwon da ba ta da maganinsa ba. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na ajiye a saman firij, yana nan har yau. Ke kika hana ni ɗura shi, don na tuna yadda kike cewa, “Ba rafin ne ya kashe min kunne ba, masu taimako ne.”

Muka tafi asibiti. Likitar ta haska kunnen, ta ce dodon kunnen lafiyarsa ƙalau, ciwon a hanyar shiga yake. Ruwa ne ya kwanta a ciki ya jiƙa fatar, sosawa ta ƙuje ta, ƙwayoyin cuta suka samu ƙofa. Kumburi ne ya toshe ji, in ya sauka jin zai dawo. Ta ƙara da cewa dauɗar kunnen nan da muke yaƙi da ita kariya ce, a bar ta. Na tuna yadda nake tsare Ummi ranar Juma'a ina sakace mata kunne tas.

Ta ba mu maganin ɗigawa. Ummi ta kwanta a cinyata ta gefen dama, in ɗumama kwalbar a tafin hannuna, in ɗiga, ta ɗan jima a kwance kafin ta tashi. Sharaɗin shi ne kada ruwa ya shiga har a gama maganin, ko da zafin ya tafi. Wajen wanka auduga muke shafa wa basilin mu toshe bakin kunnen.

Duk da haka sauƙin ya yi ta jan ƙafa, na rasa dalili, sai da na tsaya a kanta tana alwala. Ashe in ta zo shafar kunne, yatsa take cikawa da ruwa ta murza har ciki, sau biyar a rana, wai kada alwalarta ta yi gibi. Dariya ta kama ni, tausayi ya kama ni. Ke ce fa kika koya min alwala da irin wannan ƙwazo, ni kuma na koya mata. Na nuna mata ta yarfe hannu ta shafa a hankali daga waje, ban da zurawa. Daga nan kumburin ya fara sauka.

Abbanta ya ce iyo ya ƙare ke nan. Na bar shi ya huce, sannan na gaya masa abin da likita ta ce: in ta warke ta koma, da hular roba mai rufe kunne, in ta fito ta karkata kai kowane gefe ruwan ya zubo, ta goge da tawul, kuma ba ita ba kududdufi. Ya yi ƙunƙuninsa ya gama, da kansa ya je ya sayo hular.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ina yarinya, in kina yi min kitso ko kina tsintar shinkafa, nakan zagayo ta hagunki in raɗa miki cewa ina son ki. Kunya ba ta bari in faɗa ta dama, inda za ki ji. Har kika rasu ban zagaya ba, kuma abin yana damuna.

Da safiyar yau Ummi tana ɗaure jakar iyonta, za ta koma karo na farko. Na zagaya ta hagunta, na sunkuya, na raɗa mata maganar nan da ƙaramar murya, irin wadda nake yi miki. Ba ta karkata kai ba, ba ta juyo da ɗaya kunnen ba. Ta ɗago tana dariya, ta amsa min da irinta, ta ce in sake ta za ta makara.

Ta ji, Inna. Da sunanki, da kunnen hagu, ta ji.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya raya mana takwararki cikin lafiya, ya tsare ta a ruwa da tudu. In ya haɗa mu a can, ta dama zan zauna in faɗa miki da ƙarfi.

Taki har kullum,
'Yarki, Maman Ummi