Muryar da ke Tsakanin Fanka Biyu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa da ta daɗe ba ta ga fuskar yayarta ba, ina kuma roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Yaya gwiwar taki? Na ji an ce har yanzu kina hawa bene da kanki don shanya, alhali ga yara cike da gida. Don Allah ki rage, Allah ya ba ki sauƙi mai ɗorewa. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Babba yana zuwa duba ni duk ƙarshen mako shi da matarsa, Auta kuma ta koma bakin aikinta, da yamma take dawowa. An gyara yoyon ɗakin baya. Bishiyar lemon nan da kika yi wa dariya kika ce sanda ce aka kafa, bana ta yi 'ya'ya har reshe ɗaya ya karye.

Yaya, saƙonki ya iso ta bakin Babba. Ya ce kin gyara mini ɗakin da ke kusa da naki, kuma ƙarshen wata za ki turo mota a kwashe ni da kayana, a rufe gidan nan. Na san abin da ya kawo haka. Auta ta gaya miki ina jin muryar babansu a falo, kuma ba ƙarya ta yi ba. Na zaɓi in rubuto ne domin a waya ba ma iya magana, da na fara sai ki fashe da kuka, ni ma in bi ki, mu kashe ba mu ce komai ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san karatun nawa bai yi nisa ba. Ki dai karanta har ƙarshe kafin ki yanke hukunci.

Kin san yadda marigayi yake aikinsa. Shagonsa na gyaran fanka da injin ruwa, fankoki rataye a sama kamar jemagu, ƙasa duk guntayen waya da ƙamshin giris. In an kawo masa fanka ba ya fara kwance ta. Sai ya kunna, ya karkata kai, ya rufe baki ya riƙa yin wannan amon nasa a maƙogwaro, mmm, yana ɗaga shi yana sauke shi. Ya taɓa gaya mini kowane inji yana da muryarsa, shi kuma yana kai tasa muryar ne kusa da ta injin. In sun kusa haɗuwa sai ya ji sautin yana rawa a kunnensa, in sun haɗu daidai sai rawar ta tsaya cak. Daga nan yake gane ko injin yana gudu yadda ya kamata ko ya fara ja da baya. Ke ce kika sa masa suna Ƙudan Zuma, har yara suka ɗauka. Kin tuna zuwanmu gidanki da ya tsaya gaban firjinku yana mmm, ana jiransa ga abinci yana hucewa, sannan ya juyo ya ce wa maigidanki firjin ba zai kai baɗi ba? Firjin nan na ji har yau yana ƙanƙara. Allah ya ji ƙansa, ba kullum yake dacewa ba, amma bai taɓa yarda an kada shi ba. Cewa yake firjin ne ya ji tsoronsa ya shiryu.

Fankoki biyun da ke falonmu shi ya ɗaura su da hannunsa, shi ya naɗa musu waya, ɗaya ta wajen taga ɗaya ta wajen ƙofa. Lokaci lokaci sai in fito daga kicin in tarar da shi a kan kujerata mai kyau, da takalmi, da ɗan gwangwanin mai a hannu, yana mmm. In yi ta faɗa a kan kujera, shi kuma ya ɗaga mini yatsa wai in yi shiru yana sauraro. Ban taɓa tambayarsa abin da yake nema a can sama ba. A ganina fanka tana juyawa, iska tana zuwa, magana ta ƙare.

Bayan rasuwarsa, da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa gida ya yi shiru, wata rana da azahar ina zaune a falo ina ninke wanki, sai na ji shi. Wallahi Yaya, shi ne. Amon nan mai kauri, ya ɗaga ya sauka, ya ɗaga ya sauka, kamar yana bayan kujerata. Rigar da ke hannuna ta faɗi. Na leƙa ɗaki, na leƙa tsakar gida, har bayan ƙofa na duba kamar wawiya. Ba kowa. Da na dawo falo sai ga shi nan. Ban ji tsoro ba ko kaɗan, abin da zai ba ki mamaki ke nan. Zama na yi na ci gaba da ninki, hawaye na zuba, raina kuwa fari tas. Daga ranar kullum in na gama aikin gida sai in zo in zauna. Wani lokaci har in ba shi labari, in ce Babba ya sayi babur, in ce makwabcinmu mai shago ya sake fenti mai muni. Ranar da Auta ta dawo da wuri ta same ni ina magana ni kaɗai, na ce ta yi shiru ta saurari babanta. Ta kasa kunne, ta ce ita fanka kawai take ji. Sai ta rungume ni tana kuka, daga nan ta kira Babba, sannan ta kira ki.

Su biyun suka kai ni wurin likitar kunne. Mace ce mai sanyin hali, ba ta kai Babba shekaru ba, Mama take ce mini. Ta sa ni a wani ɗan ɗaki mai ƙofa mai kauri kamar ta firji, ta ɗora mini abin sauraro a kunnuwa, ta ce duk sanda na ji ƙara in danna maɓalli. Wasu sautukan masu kauri ne kamar na babbar mota daga nesa, wasu sirara kamar kukan sauro. Da muka gama ta ce siraran ne suka fara guje mini a kunnen hagu, kuma wannan aikin shekaru ne, ba ciwo ba. Sannan ta ajiye biro ta tambaye ni a ina nake jin muryar, da wane lokaci, da abin da yake kunne a ɗakin. Da na ambaci fankoki biyu sai ta yi murmushi.

Zan faɗa miki yadda na gane bayaninta, in na yi kuskure laifina ne. Ta ce a can cikin kunne akwai wani abu nannaɗe kamar katantanwa, da ƙananan gashi jere a ciki. Na bakin ƙofa su suke ɗaukar siririn sauti, na can ƙurya su ɗauki mai kauri. Amma kunne guntaye kawai yake kawowa, ƙwaƙwalwa ce take harhaɗa su ta ce wannan muryar wane ce, kuma in wani guntu ya ɓace sai ta cike gurbin da kanta. Ta ba ni misali da waya. Ta ce ɗan lasifikan waya bai iya fitar da asalin kaurin muryar namiji ba, ƙanƙanta ta yi masa yawa, amma duk da haka muna jin muryar da kaurinta, domin kanmu ne yake ƙarasa abin da wayar ta kasa kawowa. Yaya, sai na tuna duk kiran da yake yi mini daga shago yana tambayar ko ya taho da wani abu. Ashe rabin muryar daga cikin kaina take fitowa. Ta ce haka kuma in sauti biyu sun yi kusa da juna amma ba su zo daidai ba, sai su haifar da wani amo mai hawa da sauka. Kan da ya yi shekara da shekaru yana jin mutum ɗaya yana mmm, in ya ji mai kama da shi, ba zai tsaya tambaya ba. Ta dubi yara ta ce hankalin mamansu ƙalau yake. Ni kuma ta ce in na koma gida in kashe fanka ɗaya in ji.

Na jira sai da yara suka fita. Na kashe ta wajen taga, tana rage gudu muryar tana janyewa, har ta ɗauke. Na kunna, ta dawo. Na kashe ta wajen ƙofa, haka. Ba zan ɓoye miki ba, haushin likitar nan na ji, baiwar Allah da ba ta yi mini komai ba sai alheri. Kuma sanin bai hana ni ba. Na ci gaba da kunna su biyun, har ranar da aka yi ruwa gari ya yi sanyi, ina lulluɓe da mayafi a ƙarƙashinsu.

Ana nan sai Dogo ya zo gaishe ni, abokin aikinsa da suka tsufa tare a shago, wanda yake riƙe da wurin yanzu. Bai ko zauna ba ya ɗaga kai sama. Ya ce Maman Auta, fankar wajen tagar nan tana ja, boris ɗinta, ƙarfen da take juyawa a kansa, ya bushe, in aka bar ta haka wayar ciki za ta ƙone. Sannan ya yi dariya ya ce da Oga, wato marigayi, yana nan da ba za ta kai la'asar tana wannan kukan ba, da tuni ya hau kujera ana yi masa faɗa. Ya ce ba abin da Oga ya ƙi jini irin ya ji fanka biyu suna gardama a ɗaki ɗaya, ko a gidan mutane ya ji sai ya nemi tsani.

Maganar nan ta zaunar da ni. Duk zamanmu a gidan nan ban taɓa jin wannan amon daga sama ba, domin bai taɓa barinsa ya fito ba. Abin da yake hawa kujerata yana nema ke nan, ya daidaita su su tafi tare. Sai da ya tafi, mai ya bushe, ɗaya ta fara gajiya, sannan na ji abin da na kira muryarsa. Na ce wa Dogo ya ba ni kwana biyu. Na yi ta juya abin a raina. In na bari a gyara, muryar ta tafi, kuma ba ni da wata. In na hana, fankar da ya naɗa da hannunsa ta ƙone a kaina ina kallo, ku kuma ku ƙara tabbata na zautu ku zo ku kwashe ni.

Na aika aka kira shi. Ni na ɗauko kujerar da kaina, ni na riƙe masa ita, kuma ban ce ya cire takalmi ba. Ya sauke fankar, ya wanke, ya sa sabon boris, ya mayar. Da ya zo daidaita su sai shi ma ya karkata kai ya fara mmm, da wata murya kamar bunsurun da mura ta kama. Dariya ta ƙwace mini, irin wadda rabona da ita tun kafin ciwon marigayi. Dogo ya ce in yi dariyata, shi ma Oga haka ya yi ta yi masa, wai muryarsa tana firgita inji. Da ya gama ya kunna su biyun, sai suka tafi sumul kamar fanka ɗaya. Na yi masa godiya, na raka shi ƙofa, na shiga kicin na yi kukana har na gaji.

Yanzu falon shiru, sai iska. Kwanakin farko da wuya, ba zan ce miki ba wuya ba. Amma na lura wannan shirun shi ne wanda na zauna a cikinsa tun ina amarya har na yi furfura, ban san wani ne yake yi mini shi ba. Dogo ya bar mini gwangwanin mai ya nuna mini inda ake ɗigawa, ya ce hawa kujera dai in bar wa Babba, aikina sauraro. Kuma kunnena da likita ta ce siraran sauti sun fara guje masa, masu kaurin bai rasa ko ɗaya ba.

Don haka Yaya, ina roƙonki da girman Allah kada ki turo motar nan. Na san ƙauna ce ta sa, kuma tun muna yara ke kike ɗauke ni in na faɗi. Wannan karon ban faɗi ba. Ina cin abinci, ina barci, ina zuwa gaishe da makwabta. Zan zo miki in zafi ya ragu, in yi miki sati biyu ko uku in shafa miki magani a gwiwa, amma da jaka ɗaya zan zo, kuma zan dawo. In aka rufe gidan nan ƙura ce za ta cinye fankokin. In kuma yara aka bar wa, kin ji dai abin da Auta ta ce, su fanka kawai suke ji. Ranar da ɗaya ta sake gajiya, ni kaɗai ce a gidan nan zan gane.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce ina yi masa sannu da ɗawainiyar gyaran ɗaki, Allah ya saka. Ki gaida Inna Ƙarama, da Malama da mijinta, da Likitan gida in ya samu hutu, da 'yan biyu masu ƙiriniya, ki ce kakarsu ta nan tana ajiye musu lemo. Babba da matarsa suna gaishe ki. Auta ma tana gaishe ki, na karanta mata takardar nan kafin in rufe, ta ce in gaya miki ta janye ƙararta. Ki ci gaba da sa marigayi a addu'a, Allah ya haskaka makwancinsa, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
ƙanwarki, Maman Auta