Iskar da Ƙanƙara Ta Riƙe

Mama,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya sanyin garin Lota? Ki gaida ɗan'uwana Nibaldo da yaransa.

Ni lafiya lau, ina ci, ina aiki. A kan tsaunin nan na Atakama iska ba ta isar mutum, kowa da robar oksijin a hanci, irin wadda Baba ya rasu da ita. Efrain, direbanmu, ya ce, "Likitar taurari, yau ke ce majinyaciya!" Na yi dariya, ban ji komai a raina ba. Har yau ban yi kukan Baba ba.

Kin tambayi wane aiki ne ya hana ni zuwa jana'iza. Asalin oksijin ɗin da ke cikin tauraro mai wutsiya muke nema. Ina ganin tun kafin a halicci rana ƙanƙarar jikin tauraron ta daskare da oksijin ɗin, ba ta sakinsa sai ta matso kusa da ɗumi.

Ki ajiye mini hular Baba. Zan zo a Disamba. Idan kika rungume ni na fashe da kuka na kasa yin shiru, Mama, kada ki tsorata.

'Yarki,
Eliana