Bangon Ɗakin Inna da Dokar Masu Gyaran Famfo

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Gyaran Famfo ta shiyyarmu, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ranka ya daɗe yana lafiya, da iyali, da 'yan ƙungiya da sifanunsu baki ɗaya. Na sha zuwa ofishinku, kullum sai a ce kana wajen taro. Shi ya sa na ga gara in rubuto a fili, ko wani ɗan taron zai karanta maka.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Mabera. Mahaifiyata, da muke kira Inna, tana tsohon gidanmu na ƙasa a Ƙofar Dundaye, cikin ɗakin da ta haife mu duka. Da gwiwoyinta suka fara gajiya, sai na sa aka ɗora tanki don a ja mata famfo har ƙofar ɗaki. Ɗan ƙungiyarku Malam Sani, wanda ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya, shi ya yi aikin bayan ƙaramar Sallah. Ga abin da ya biyo baya.

Na farko, aikin kansa. A inda bututun ƙarfe na tanki ya haɗu da na roba, Injiniya ya yi ta naɗa wa haƙoran ƙarfen farin tef kamar mai naɗa rawanin hakimi. Ya cusa shi cikin bakin robar, ya ɗauko babbar sifana, ya sa ƙarfinsa duka har da na kakanninsa, sai da muka ji ƙas! Ya ce wannan ƙarar ita ce alamar aiki ya zauna. Daga nan ya binne mahaɗar cikin bangon ɗakin Inna, ya shafe da siminti. Makullin ruwan kuwa can gaba da mahaɗar ya sa shi, ta yadda ko an rufe, ɗigon ba ya sanin an yi.

Na biyu, gyare-gyaren. Da bango ya fara zufa, Injiniya ya dawo ya fasa shi, ya ɗaure wurin da tsohuwar robar tayar babur. Zuwa na gaba ya zo da leda da zaren buhu da fenti. Daga baya ya kawo gam ɗin sufagulu da yashi, ya ce wannan fasaha ce ta zamani. Kowane zuwa sai ya sake binnewa, ya wanke hannu, ya sha furar Inna. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. A tsakiyar bazarar Sakkwato, lokacin da awaki ke haki a gindin katanga, ciyawa ta tsiro shar a bangon Inna. Ina taya ƙungiya murnar buɗe fadama ta farko da aka taɓa yi a tsaye.

Na uku, dokarku, kuma ita ce ta kawo ni. Na ɗauko wani mai gyara daga Mabera. Ya tona ya duba, ya gaya mini bakin robar ne ya tsage tun ranar farko, domin ƙarfe in aka matsa shi da ƙarfin tsiya cikin roba, robar ce ke darewa. Ya ce da robar aka murɗa cikin bakin ƙarfe, da tef daidai gwargwado, a ɗaure da hannu a ɗan ƙara da sifana, da an wuce wurin. Na ce to bismillah. Sai ya tambaye ni wanda ya fara aikin, da ya ji sunan, ya mayar da kayansa jaka. Wai dokar ƙungiya ta hana ɗan'uwa shiga aikin ɗan'uwansa sai mai aikin ya sallama da bakinsa. Duk wanda na kira bayansa haka ya yi: ya duba, ya girgiza kai, ya yi wa Inna ya jiki, ya hau babur. Injiniya kuma ba zai sallama ba, don sallamawa amsa laifi ne. Ya tafi kwangila wani gari, in na buga waya kullum yana hanya. Ranka ya daɗe, ko a ƙafa ya taso daga Makka da yanzu ya iso.

Na zubar da ruwan tankin, Inna ta koma sayen na 'yan garuwa, famfonta yana kallonta. Magini ya ce ba zai taɓa bangon ba sai an cire bututun, don shi ma ba ya shiga sana'ar wani. Kowa yana da doka, Inna ce kaɗai ba ta da ƙungiya.

Na huɗu, a nan wasa ya ƙare. Bangon ya tsage daga gindi har kusa da azara, ga damina ta kawo kai. Ranar Juma'ar da ta wuce na fitar da Inna daga ɗakin da kaina. Ta riƙe ƙyauren ƙofa tana kuka, tana cewa ko mutuwar mahaifinmu ba ta fitar da ita ba. Ni na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta yi zafi, domin don hutunta na ja famfon nan.

Saboda haka ina roƙon a tilasta wa Injiniya ya sallama aikin, ko ta waya ce. In ya ƙi, kai ka sallama a madadinsa, ka turo wanda ya san bambancin ƙarfe da roba kafin ruwan farko. Sannan ku sake duba wannan doka, ku sa mata wa'adi, domin yanzu mai ɓarna kawai take karewa.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa ƙungiya haɗin kai, ya sa mahaɗar bututunku ta kama kamar yadda bakinku ya haɗu. Allah ya sa iyayenku su kwana a ɗaki busasshe.

Inna tana kwana a ɗakin ajiyar hatsi, ta hana a kwance ƙullin kayanta. Kullum da safe takan tambaye ni ko yau ne za ta koma ɗakinta. Na ce mata amsar tana wurinka, ta ce a gaishe ka.

Wassalam.

Naka,
ɗan tsohuwa mai jiran ɗakinta, Ƙofar Dundaye.