Kunkurun Mama da Wayoyi Huɗu

Taichung, 3 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Pi-yun,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Mama kuna lafiya. Ina mai sanar da ke, da dukkan zuri'ar gidan Yeh, na raye da waɗanda suka riga mu, cewa jiya Talata da ƙarfe uku da rabi na yamma, injin sassaƙar da na shafe wata takwas ina haɗawa a baranda ya motsa. Tafiyar da ya yi ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Daga nan ya tsaya yana karkarwa yana gurnani. Matata Mei-chu ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, abin naka zazzaɓi yake yi? In kawo masa bargo?"

Kada ki damu, alkawarina yana nan. Ranar ashirin da takwas, da Mama za ta cika tamanin, da sabon katako za a buga jar wainar nan mai siffar kunkuru, a madadin nata da ya tsage. Guntaye biyun da suka rage na icen longan, itacen marmarin nan na marigayi Baba, sun bushe sarai. Kwamfuta za ta ba da umarni, injin ya fafe siffar kunkurun da kansa.

Matsalar daga moton da ke tura kan injin hagu da dama take. Wayoyi huɗu gare shi, na kuma haɗa su yadda littafin ya ce: baƙa da koriya, ja da shuɗiya. Sau uku na karanta shafin. Ke nan moton ne lalatacce. Ba na son ɓata wa kowa rai, amma ku da kuka yi shekara talatin da ɗaya kuna naɗa irinsa a masana'anta, wataƙila ranar da aka yi wannan hira ta yi daɗi.

Da na kira ki a waya, amma na san abin da ƙarar injinan masana'anta ta bar miki na kunne. A gaishe da Mama.

Ƙanenki,
Tsung-ming

Lukang, 7 ga Oktoba

Autan Mama,

Muna lafiya, muna gaishe ku. Moton lafiyarsa ƙalau.

A cikinsa naɗin tagulla biyu ne, kowane da wayoyinsa biyu. Wuta ta shiga wannan ya ja taku ɗaya, ta koma wancan ya ja taku ɗaya, kamar mata biyu a turmi guda, wannan ta ɗaga wannan ta sauke. Taku ɗari biyu, ya zagayo. Kai ka ɗauki hannun wannan ka haɗa da na waccan, ka ce su daka. Ba dole ya yi karkarwa ba?

Launi kuwa, a masana'anta wayar da mai sito ya miƙo da ita muke aiki. Wanda ya rubuta littafinka bai taɓa zama a layinmu ba.

Ka kashe wuta tukuna, kada ka kuskura ka cire waya da wuta a jiki. Ka haɗa bakin wayoyi biyu, ka murza ƙarfen moton da yatsu. In ya yi tauri, 'yan ɗaki ɗaya ne. In yana juyawa sakayau, canja.

Kuma kada icen Baba ya hau injin nan sai ka gwada da katakon banza, ba sau ɗaya ba. Na sayo wa Mama na roba don ko-ta-kwana, ta shafa ta ce, "Wannan kwaɗo ne. Ba za a raba wa jikokina kwaɗo ba." Na ɓoye shi.

Yayarka,
Pi-yun

Taichung, 12 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa, kuma wannan karon har da rusunawa kaɗan.

Na yi yadda kika ce. Baƙa da koriya, ƙarfen na juyawa kamar ba kowa a gida. Da na haɗa baƙa da ja sai na ji ya cije, yana tafiya ƙis, ƙis, ƙis a ƙarƙashin yatsana, alhali babu wuta ko kaɗan. Na zauna ina murzawa kusan rabin awa. Na koyar da waƙoƙin mutanen da suka mutu shekara dubu da ta wuce, amma ban taɓa jin abu marar rai ya amsa mini da hannu haka ba. Na kira Mei-chu ta taɓa. Ta ce, "To, sai a sa masa suna."

Yanzu injin yana tafiya sumul. Sai dai akwai wani ɗan labari.

Na gwada da katakon banza, ƙaramin kunkuru ya fito kyakkyawa. Sau ɗaya na gwada, na sani, ba sai kin faɗa ba. Na ɗora guntun Baba na farko. Rabin bayan kunkurun ya fito kamar a lashe, sai injin ya yi wani ɗan tari a can gefen hagu, ya ci gaba abinsa. Da ya gama, kan kunkurun ta haƙarƙari ya fito. Guntu ɗaya ya tafi.

Na yi nazari, kwamfutar ce ta rikice. Zan sake zuba mata manhaja, in ɗora na ƙarshen ranar Asabar ta sama. Abin dariya, ko ba katako a kai, duk sanda kan injin ya kai hagu, wajen taga, sai ya yi tarin nan. Wataƙila iskar Taichung ce ba ta karɓe shi ba.

Kada ki gaya wa Mama.

Ƙanenki,
Tsung-ming

Lukang, 15 ga Oktoba

Tsung-ming,

Gaisuwa. KADA KA TAƁA ICEN NAN.

Kwamfuta ba ta san taga ba. Wayar da ka ja daga moton zuwa akwatin wuta ce ta karye a cikin rigarta. In kan yana dama, bakin karayar na haɗe. In ya tafi hagu wayar ta miƙe, sai ta rabu, naɗi ɗaya ya mutu, taku ya ɓace. Injin bai san ya yi ɓatan kai ba, sai ya ci gaba da sassaƙa a inda ba nan ba. Na san da wayar da ta rage ta gyaran gidanku ka yi aiki, mai ƙarfe ɗaya a ciki, don na san ka da tattali. Ita a bango aka yi ta ta zauna, ba ta yi ta lanƙwasa ba.

Kashe wuta. Kwance moton daga jikin injin. Haɗa 'yan ɗaki ɗaya a can ƙarshen doguwar wayar. Mei-chu ta riƙa murza ƙarfen, kai kana lanƙwasa wayar kaɗan-kaɗan. Inda taurin ya saki, nan ne. Ga waya mai laushi na sa a ƙunshin nan, ka canja duka huɗun.

Abin da ban gaya maka ba, idon Mama ya kusa tafiya gaba ɗaya tun watan jiya. Ta hana ni faɗa. Ba za ta ga kunkurun ba, da babban yatsa za ta duba shi, layi-layi. Jiya ta ce, "Auta ya gama? Icen babanku ne fa, ba wani a bayansa." Na ce kana kai.

Yayarka

Taichung, 30 ga Oktoba

Yayata Pi-yun,

Bayan gaisuwa, mun iso gida lafiya. Sannu da hidima.

Kina kicin lokacin da na miƙa wa Mama katakon. Ta bi shi da yatsa tun daga kai har wutsiya, ta dawo, ta sake bi. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Wutsiyar ta yi gajarta." Daga nan ba ta ƙara yarda kowa ya karɓe shi ba sai da aka zo bugawa, kin dai gani.

Karayar tana cikin wayar daidai yadda kika ce, taƙi ɗaya daga moton, rigar wayar ko ƙwarzane babu. Da na canja wayoyin, guntun ƙarshen ya fito ba tari. Daga Lukang kika gan ta, ni ina tsaye a kanta wata takwas.

A wajen biki dangi sun yi ta cewa, "Kai, Malam, ilimi dai ilimi ne!" Na yi ta murmushi ina karɓa, ke kina ta jera waina a ganyen ayaba ba ki ji ba. Ya kamata in ɗaga murya, ban ɗaga ba, shi ya sa na rubuto. Ba moton ba ne, ba kwamfuta ba ce. Kuma tun muna yara nake zaton ni ne mai karatun gidanmu. Na yi kuskure.

Ƙanenki,
Tsung-ming