Ƙusoshin Gindin Gawo

Jibiya

Zuwa ga Yaya Salmatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara da dukkan mutanen Maradi. Ina fatan ciwon gwiwarki ya lafa. Mu nan kalau muke, sai zafi da tsadar da kika sani.

Dalilin wannan takarda shi ne itatuwan gawon da ke gonar marigayi Baba a Kusa, waɗanda ni da ke da ƙanenmu Shamsu muka gada ba mu raba ba. Kin tuna kamfanin nan da ya zo shekarun baya da farar mota, ya ce zai riƙa biyan manoma don su bar itatuwa a tsaye, saboda itace yana shanye hayaƙin masana'antun Turai. Na karanta ƙasidarsu tun daga bango har bango, na ga maganar ta yi daidai da abin da idona yake gani, domin damina ta koma zuwa a makare ta tafi da wuri. Saboda haka ni na shigar da gonarmu, ni na kafa wa kowane gawo lambarsa ta ƙarfe.

To, kamfanin ya tattara ya tafi. Sun tara mu a wani ɗakin taro, wani yaro mai ɗamammen wando ya karanta mana cewa kasuwannin kuɗi na duniya sun rikice, masu zuba jari sun janye, amma wai suna tare da mu a zuciya. Aka raba mana hula mai hoton ganye da lemon kwalba mai ɗumi. Mutanen da suka ce duniya za ta ƙone idan aka sare bishiya ɗaya, bankinsu na yin tari suka manta da duniyar. Ko injin sanyaya ɗakin ofishinsu ba su bari ba, sun kwance shi sun tafi da shi.

Yanzu Shamsu ya kawo wani dillalin itace mai kai wa gidajen burodi, tunda gas da man dizal sun gagari kowa. Yana so a sayar masa da gawon duka, a sayi taki. Na tambaye shi wane taki ya fi ganyen da gawo yake zubarwa a farkon damina, kyauta. Ya yi dariya, ya ce in dafa ƙasidata in ba iyalina su ci. Wannan shi ne mutumin da rabonsa da riƙe fartanya tun ranar da ya sayi babur.

Ba zai iya sayarwa sai da yardar biyu daga cikinmu. Ina roƙonki ki aiko da amsa ta hannun direban da ya kawo miki wannan.

Ki gai da Alhaji. Matata Mu'minat tana gaishe ki.

Ƙanenki,
Lawwali

Jibiya

Zuwa ga Yaya Salmatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma yi wa Alhaji addu'ar samun sauƙin al'amura.

Amsarki ta iso, na karanta ta a tsaye a tasha, na sake karanta ta a gida. Ban san cewa fataucin Alhaji ya tsaya haka ba, har an jingine mota. Ba zan zarge ki ba. Wanda yara suke kallon tukunyarsa ba ya da lokacin lissafin damina mai zuwa. Amma zan faɗa miki gaskiya, da na ga kin rubuta cewa a bi Shamsu, abin ya yi mini ciwo.

Shi kuwa Shamsu ya ɗauki takardarki yana yawo da ita a bakin iyaka kamar ya ci zaɓe. Yana gaya wa 'yan acaɓa cewa Malam Ƙasida ya faɗi, sunan da suka laƙaba mini ke nan. Dillalin ya zo gonar da kansa, wani mai ƙaton tumbi da zobba a yatsu, yana bubbuga gindin gawo da makullin mota kamar mai taya rago. A ƙarƙashin babban gawon nan na gabas, inda Baba yake shimfiɗa buzu ya yi azahar, ya tsaya ya yi fitsari. Na juya baya don kada in faɗi abin da zai zubar mini da mutunci.

Na je ofishin da ya kamata ya hana irin wannan. Na tarar da ma'aikacin yana shirin tafiya taron yaƙi da hamada a otal, ya ce in dawo bayan an fitar da sanarwar bayan taro. Rairayi ya riga ya cinye gefen gonar Hussaini maƙwabcinmu, wanda ya sayar da nasa itatuwan bara, su kuma suna can suna yaƙi da shi da cokali mai yatsu.

Za su zo da injin yanka ran kasuwa. Zan je in tsaya, ba don in hana ba, sai don kada a ce an sare su babu ɗan gidan ko ɗaya da ya ji ciwo.

Ƙanenki,
Lawwali

Jibiya

Zuwa ga Yaya Salmatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, ke da iyali baki ɗaya. Ina so labarin nan ya zo miki daga hannuna kafin Shamsu ya kawo miki nasa.

Sun zo da safe, suka fara da gawon gabas. Injin ya shiga cikin itacen kamar faɗin tafin hannu, sai muka ji ƙara, sarƙar ta tsinke ta faɗi cikin ƙasa. Allah ya tsare, ba ta taɓa kowa ba. Suka sa wata, suka koma kan gawo na biyu, ita ma haƙoranta suka zube.

Sai a lokacin na gane. Ƙasidar kamfanin ta ce a kafa lambar a gindi, taƙi ɗaya daga ƙasa, domin ko an sare itacen ta rage a kututture. Masu sayen tsohon ƙarfe kuwa sun yi ta ɓamɓare lambobin, ni kuma duk lokacin da aka ɓamɓare sai in kafa wata da doguwar ƙusa a gefen ta farko, don kada masu duba su zo su ce mun yi sakaci. Masu dubawar ba su taɓa zuwa ba. Ɓawo ya rufe ƙusoshin, sun zagaye gindin kowane itace, ni kaina ban san inda suke ba.

Dillalin ya yi ta zufa yana cewa sarƙa daga waje ake kawo ta, kuma da yadda naira ta koma, itacen bai kai asarar ba. Shamsu ya ce a yanka daga sama, mai injin ya ce shi ba zai ƙara kusantar itacen da aka yi wa asiri ba. Na yi masa bayani dalla-dalla cewa ƙusa ce, ya ƙi yarda, ni ma ban matsa ba. Shamsu ya nemi masu gatari, suka ji labarin asirin suka ƙi zuwa. Rikicin kuɗin da ya kori kamfanin shi ne ya kori dillalin, kuma duk alkawuran mutanen farar mota babu abin da ya yi mana amfani sai ƙusar da na saya da kuɗina.

Ban manta da halin da kuke ciki ba. Ummaru makiyayi, ɗan wanda yake sauka a gonar zamanin Baba, ya yarda ya kawo shanunsa su ci 'ya'yan gawo da rani su bar mana taki, ya kuma ba da gero a kai. Rabonki da nawa na haɗa, suna cikin motar da ta kawo wannan takarda. Na san bai kai abin da kika sa rai ba. Na Shamsu yana zaure, idan ya gama fushi ya zo ya ɗauka.

Raunin gawon gabas na cike shi da laka, ina zuwa ina dubawa, ban tabbata zai warke ba. Manoma daga Daddara sun fara zuwa suna tambayar yadda na yi. Na ce duk wanda zai kafa ƙusa a itacensa ya shafa jan fenti a wurin, ya kuma sanar a masallaci, domin ba na son jinin kowa a wuyana.

Idan direban zai dawo, ki aiko mini da ƙusa doguwa. Ta Maradi ta fi ta nan ƙwari.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Lawwali